Yadda ake sa manhajar Windows ta yi aiki a kan Linux ta hanyar Wine

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makarantar Islamiyya, kuma ni ke riƙe da lissafin kuɗin makaranta. Laftof ɗina tsohuwa ce, RAM ɗinta 4GB, ba ta ɗaukar Windows 11, shi ya sa ƙanena ya sa mini Linux Mint. Komai na tafiya daidai sai manhajoji biyu da ba zan iya rabuwa da su ba: wata tsohuwar manhajar littattafan Larabci, da kuma wadda muke shigar da kuɗin ɗalibai muna buga musu rasit. An ce mini Wine zai buɗe su. Na saka shi, ta Larabcin ta buɗe amma rubutunta ya koma wasu baƙaƙen boko marasa ma'ana haɗe da alamomin tambaya, ta lissafin kuwa ko motsi ba ta yi ba. Shin akwai gyara, ko in haƙura in koma Windows?"

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka, kana son sanin ko manhajoji biyu da aka rubuta domin Windows za su zauna lafiya a kan Linux, kuma me ya sa ɗaya ta buɗe da gurɓataccen rubutu, ɗayar ta ƙi buɗewa gaba ɗaya. Matsalolin nan biyu ba iri ɗaya ba ne. Ta Larabcin tana da gyara mai sauƙi a mafi yawan lokuta. Ta lissafin tana buƙatar bincike kafin a yanke mata hukunci, kuma ita ce nake so ka fi yi wa taka-tsantsan, domin amanar kuɗin mutane ce a cikinta. Irin wannan tambaya ta yawaita tun da Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar da ya saba a ranar 14 ga Oktoba 2025, aka bar ɗimbin kwamfutoci masu lafiya waɗanda ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, musamman sharaɗin TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta, da na sabon furosesa.

Abin da Wine yake yi

Manhajar Windows ba ita take zana taga ko buɗe fayil ko aika takarda zuwa firinta da kanta ba. Duk lokacin da take son ɗaya daga cikin waɗannan, sai ta roƙi Windows ta hanyar wasu fayiloli da sunansu ke ƙarewa da DLL, irin su kernel32.dll da user32.dll da gdi32.dll. Abin da masu Wine suka yi shi ne sake rubuta waɗannan fayiloli daga tushe, ba tare da ɗaukar komai daga rubutun Microsoft ba, ta yadda idan manhaja ta ce a buɗe mata fayil da lafazin Windows, Wine zai karɓi roƙon ya isar da shi ga Linux da lafazin da Linux ke ganewa. Aikinsa aikin tafinta ne tsakanin mutum biyu da ba sa jin harshen juna. Lissafin da manhajar ke yi kuwa furosesarka ce ke gudanar da shi kai tsaye, shi ya sa Wine ba ya cin RAM kamar yadda saka Windows cikakke zai ci, kuma wannan ne ya sa ya dace da laftof mai 4GB.

Aikin ya fara ne a 1993 a hannun Bob Amstadt da Eric Youngdale, daga 1994 kuma Alexandre Julliard ya karɓi ragamarsa. Sai a watan Yunin 2008 aka fitar da Wine 1.0, wato bayan shekara 15 ana aiki, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna maka yawan abin da ke cikin Windows da sai an kwaikwaya ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin CodeWeavers na jihar Minnesota a Amurka yana sayar da nasa nau'in mai suna CrossOver, kuma yana ɗaukar da yawa daga cikin masu rubuta Wine aiki. A 2018 kamfanin Valve ya fito da Proton, wanda aka gina a kan Wine domin wasannin kwamfuta, kuɗi da ma'aikata suka ƙara shigowa. Sai dai mafi yawan wannan ci gaba ya tafi ne ɓangaren wasanni da zane mai motsi. Ƙananan manhajojin ofis da wani ya rubuta wa makarantu ko shaguna ba su da masu gwada su a kai a kai, don haka kai da kanka ne mai gwaji.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa wata manhaja ke buɗewa wata ta ƙi. Idan duk abin da take roƙo an riga an rubuta shi a Wine, za ta yi aiki kamar tana kan Windows. Idan ta roƙi wani abu da babu shi, ko ta dogara da wani ƙarin kaya da Windows ɗinka na da yake da shi ba tare da ka sani ba, sai ta mutu shiru. Kafin ka kashe data, ka duba ma'ajiyar AppDB ta WineHQ, shafin intanet na masu Wine, inda masu amfani ke rubuta sakamakon gwajinsu da matakai daga Platinum, wato ta yi aiki ba tare da an taɓa komai ba, zuwa Gold da Silver da Bronze, har zuwa Garbage. Ka lura da lambar Wine da aka yi gwajin da ita, domin rahoton da ya kai shekara 8 ba hujja ba ne a yau.

Girkawa

Wine ɗin da ke cikin rumbun manhajojin Mint yana aiki, amma yakan kasance baya da na WineHQ. Idan za ka ɗauko daga WineHQ, akwai nau'i uku: winehq-stable da winehq-devel da winehq-staging. Ka tsaya a na farko. Da farko za ka buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta umarni a Linux, ka ba da umarnin sudo dpkg --add-architecture i386, domin tsofaffin manhajoji irin naka kusan duk na 32-bit ne. Sannan ka ƙara makulli da adireshin rumbun WineHQ kamar yadda shafinsu na Ubuntu ya tsara, ka yi sudo apt update, ka bi da sudo apt install --install-recommends winehq-stable. Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne sunan da za su zaɓa: Mint an gina shi a kan Ubuntu, don haka mai Mint 22 zai zaɓi noble, sunan Ubuntu 24.04, mai Mint 21 kuma ya zaɓi jammy, sunan Ubuntu 22.04. Idan aka saka wanda bai dace ba, apt zai yi ta kukan cewa wasu fakitoci ba za su saku ba. Saukewar tana cin ɗaruruwan megabait, saboda haka ka tanadi data da caji kafin ka fara. Ka saka winetricks ma, ƙaramar manhaja ce mai sauko wa Wine da ƙarin kayan Windows, za mu buƙace shi.

Kowace manhaja da mazauninta

Wannan shi ne abin da na fi nanata wa duk wanda na girka wa Wine. A karon farko da ka buɗe shi, yana ƙirƙirar wata ɓoyayyar folda mai suna .wine a cikin foldar gidanka. A cikinta akwai drive_c, wadda manhaja ke gani a matsayin C:, akwai fayilolin rajista, akwai kuma dosdevices mai ɗauke da haruffan faifai da mashigan na'urori. Wannan folda ita ce Windows ɗin da manhajar ke zaton tana ciki. Zan kira ta mazauni. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tara komai a mazauni ɗaya, a saka wa wannan manhaja wani DLL, a sauya wa waccan saiti, har gyaran ɗaya ya karya ɗayar, kuma ba a san wane mataki ne ya jawo ba.

Ka ba kowace nata. Domin ta Larabci, ka rubuta WINEPREFIX=~/wine-larabci WINEARCH=win32 winecfg, Wine zai gina sabon mazauni na 32-bit ya buɗe maka tagar saiti, inda za ka zaɓi nau'in Windows da kake so ya yi da'awar shi ne. Ga tsohuwar manhaja, Windows 7 yakan wadatar, wani lokaci kuma XP. Domin ta lissafi ka maimaita da wani suna, kamar wine-lissafi. Daga nan duk umarnin da za ka ba Wine ko winetricks sai ka fara shi da WINEPREFIX ɗin da ya dace, in ba haka ba zai koma .wine na asali. Idan ya nemi izinin sauke Wine Mono, ka amince masa, shi ne madadin .NET na Microsoft, wani tushe da wasu manhajoji ke dogara da shi. Akwai sauyi ɗaya da ya kamata ka sani: tun Wine 9.0 na Janairun 2024 aka shigo da wani sabon salo na gudanar da manhajojin 32-bit ba tare da fakitocin i386 ba, kuma a wannan salon ba a karɓar WINEARCH=win32. Idan naka ya ƙi wannan umarni, to irin ginin da kake da shi ke nan, sai ka cire wannan kalma ka gwada a mazauni na yau da kullum.

Amfanin wannan tsari shi ne, mazauni folda ce kawai. Idan ya lalace sai ka goge shi ka sake gina wani cikin mintuna. Idan ya yi kyau sai ka kwafe shi gaba ɗaya a filash, ka samu abin komawa.

Rubutun Larabci

Yanayin gurɓacewar rubutu shi ke gaya maka ciwon. Idan ka ga ƙananan akwatuna babu komai a ciki, salon haruffan da manhajar ke nema ne babu. Idan kuma ka ga baƙaƙen boko masu ɗigo-ɗigo da lanƙwasa a kansu, irin Ç da á da ã, ko jerin alamomin tambaya, kamar yadda ka bayyana, to matsalar ta teburin haruffa ce. Manhajojin da aka rubuta kafin Unicode, tsarin da ya haɗa haruffan harsuna a teburi ɗaya, ya zama ruwan dare suna ajiye kowane harafi da lamba ɗaya tak daga 0 zuwa 255, kuma ma'anar lambar ta dogara da teburin da Windows ke amfani da shi. Na Larabci shi ne 1256, na Turawan yamma 1252. Lambar da ke nufin alif a na farko ita ce Ç a na biyu. A Windows ɗinka na da, wanda ya saka maka manhajar ya shiga saitin yanki ya mai da harshen tsofaffin manhajoji Larabci. Wine kuwa yana ɗaukar wannan ne daga harshen da Linux ya gaya masa, kuma naka na Turanci ne.

Gyaran shi ne ka fara da sudo locale-gen ar_SA.UTF-8, sannan ka buɗe manhajar da LC_ALL=ar_SA.UTF-8 a gaban umarnin, tare da WINEPREFIX ɗinta. Wannan bai taɓa harshen sauran kwamfutarka ba, wannan manhaja kaɗai ya shafa. Shawarata ita ce ka goge wadda ka riga ka saka, ka sake saka ta daga farko da wannan saiti, domin idan foldojin littattafan suna da sunayen Larabci, to an riga an rubuta su a gurɓace lokacin sakawar farko, manhajar za ta buɗe da kyakkyawan rubutu amma ta ce ba ta ga littafi ko ɗaya ba. Na sha ganin wannan, kuma mutum yakan ɗauka littattafan ne suka ɓace.

Idan bayan haka akwatuna suka rage a wasu wurare, sai ka duba saitin manhajar ka ga sunan salon haruffan da take so. Duk fayil ɗin haruffa da ka ajiye a drive_c/windows/Fonts na wannan mazauni za ta gan shi. Akwai na Larabci masu kyau da ake bayarwa kyauta, irin su Amiri da Scheherazade, kuma idan manhajar tana barin a zaɓi salo, su ne mafita mafi tsabta. Umarnin winetricks corefonts tahoma yana gyara rubutun maɓallai da jerin zaɓuɓɓuka. Sai dai ka sani cewa tsara rubutun dama zuwa hagu da ɗora wasulla a Wine bai kai na Windows gogewa ba a kowane wuri, musamman a akwatin bincike. Wani lokaci winetricks riched20 ko usp10 yana taimakawa, amma ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, kana da kwafin mazauni a gefe.

Manhajar lissafi

Manhajar da ta ƙi motsi idan an danna ta ba shiru ta yi ba, kukanta ne ba ka gani. Ka buɗe ta daga Terminal: ka shiga foldar da take da umarnin cd, ka rubuta wine da sunan fayil ɗinta. Rubutu zai zubo da yawa. Layukan da ke ɗauke da fixme kada su tayar maka da hankali, sanarwa ce cewa wani ɓangare ba a kammala shi ba, kuma manhajoji da yawa suna aiki lafiya da su. Waɗanda ke ɗauke da err su ne abin dubawa, musamman layin da ke cewa import_dll tare da sunan wani fayil da ba a samu ba.

Sunan fayil ɗin shi ke nuna maka da me aka gina manhajar. Idan MSVBVM60.DLL ne, an rubuta ta da Visual Basic 6, maganinta winetricks vb6run. Irin waɗannan sau da yawa suna ajiye bayanai a fayil ɗin Access mai ƙarewa da mdb, don haka za su buƙaci mdac28 da jet40, kuma waɗannan biyun su ne dalilin da ya sa na ce a gina mazauni na 32-bit. Idan sunan ya fara da MSVCP ko VCRUNTIME, ɗaya daga cikin fakitocin vcrun ne, gwargwadon lambar da ke jikin sunan. Idan kuma ta .NET ce kuma Wine Mono ya gaza, sai a saka na Microsoft, kamar dotnet48, wanda sakawarsa ke ɗaukar lokaci mai tsawo har ka yi zaton ya tsaya. Ka bar shi ya gama. Kada ka bi shawarar masu cewa a zuba duk abin da ke cikin winetricks ko za a dace, domin kowane DLL na Microsoft da ka ɗora yana ture na Wine, kuma ba kullum ne turewar ke zama alheri ba. Abin da winetricks ya sauke yana ajiye shi a ~/.cache/winetricks, za ka iya kwafe wannan folda ka kai wata kwamfuta ba tare da sake kashe data ba.

Akwai abubuwa uku da idan na gan su nakan sassauta buri. Na farko, manhajar da ke saka SQL Server Express a bayanta domin ajiye bayanai, wanda da wuya ya zauna a Wine. Na biyu, wadda ke neman wani ɗan makulli da ake sokawa a USB kafin ta buɗe. Na uku, wadda aka ɗaure lasisinta da lambar faifai ko ta allon kwamfuta, domin lambar da Wine zai nuna mata ba lallai ta zama wadda ta sani ba. A wannan hali na uku ka tuntuɓi wanda ya sayar wa makarantar, sau da yawa sabuwar lambar kunnawa kawai ake buƙata. Tushen na biyu kuwa shi ne Wine ba ya gudanar da direbobin na'urori na Windows yadda Windows ke yi, iyakarsa manhajar da ke sama.

Wannan ya kawo mu kan firintar rasit. Faifan direba da ya zo da ita ba shi da amfani a nan. Sai Linux da kansa ya gane firintar ta hanyar CUPS, tsarinsa na kula da firintoci, ka buga shafin gwaji daga saitin Mint ya fito, sannan Wine zai nuna wa manhajar ita a jerin firintoci. Idan kuma manhajar tana magana da firintar ta mashigin COM, to sai ka saka kanka a rukunin dialout da sudo usermod -aG dialout da sunanka, ka fita ka sake shiga, sannan ka duba dosdevices ka ga wace lambar com ce ke nuni zuwa /dev/ttyUSB0, ka ba manhajar wannan lamba.

Ko da ta buɗe, kada ka fara shigar da kuɗin gaske a ranar. Ka yi aiki da kwafin bayanan, ka shigar da biya na gwaji, ka buga rasit, ka fitar da rahoton zango, ka kwatanta jimillar da wadda kake da ita a littafi. Ka duba kwanan wata da kyau, domin tsarin rana da wata yana bin harshen Linux, kuma tsohuwar manhaja tana iya karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris alhali kai 3 ga Afrilu kake nufi, ba tare da ta nuna wani kuskure ba. Irin wannan ɓarna ta fi ƙin buɗewa muni, tunda ba a gano ta sai iyaye sun zo da rasit a hannu.

Tsaro

Wine ba katanga ba ne. A kowane mazauni akwai faifai Z: wanda ke nuni zuwa dukkan fayilolin Linux da kai kake da ikon taɓawa, don haka bairos ɗin Windows da ya shigo ta filash ko ta fasasshiyar manhaja yana iya lalata takardunka na gaske. Kada ka taɓa buɗe Wine da sudo, ko da wani ya ce maka hakan ne zai sa ta yi aiki. Cire Z: daga winecfg yana rage haɗari amma bai kawar da shi ba. Idan rubuta umarni ya yi maka nauyi, manhajar Bottles da ake samu ta Flatpak tana yin duk wannan tsari na mazaunai da maɓallai, kuma tana taƙaita foldojin da manhajar Windows ke iya gani, sai dai saukewarta ta fi cin data.

Idan Wine ya gaza

Ban ga manhajar lissafinka ba, don haka gwajin da na bayyana ne zai yanke hukunci. Idan ta faɗa cikin ukun can, ko jimilla ta ƙi daidaita, kada ka ɓata makonni kana dannawa. Ko Microsoft, da ya so gudanar da manhajojin Linux a kan Windows, ya fara da salon fassara a WSL na 2016, tsarin da ya yi domin wannan aiki, daga baya a WSL 2 ya koma saka Linux na gaske a cikin kwamfutar kwaikwayo, wato kwamfutar da manhaja ke ƙirƙira a cikin ta gaske, saboda fassara ba ta iya rufe kowace kafa. Kai ma kana da wannan hanya: VirtualBox, ko KVM tare da virt-manager, za su ba ka damar saka Windows na gaske a cikin taga, da lasisinsa, kuma za ka iya miƙa masa firinta ko makullin USB kai tsaye ya yi amfani da direbansa. A RAM 4GB Windows 10 zai yi nauyi ƙwarai a haka. Windows 7 zai iya tafiya da 1.5GB zuwa 2GB, amma tunda an daina yi masa gyaran tsaro tun Janairun 2020, sai ka kashe masa intanet gaba ɗaya daga saitin kwamfutar kwaikwayon, ka riƙa fitar da kwafin bayanai ta folda ɗaya da kuka yi tarayya. Idan laftof ɗin tana karɓar ƙarin RAM, kai ta 8GB zai sauƙaƙa wannan sosai, kuma ta Larabcin za ta ci gaba da zama a Wine abinta, ta lissafin kaɗai za ka riƙa kunna wa Windows a ranakun karɓar kuɗi.